Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Bos Na Fim Ɗin Indiya

Bos,

Gaisuwa mai yawa, ban da fatan alheri, don ka san abin da ke tsakaninmu.

Ni ne mutumin nan na bencin gaba a gidan kallo a Batsari, wanda ake ta ce wa ya yi shiru ba ya ji. Tun zamanin kaset da janareta mai tari nake bin sawunka, har zuwa yau da ake tura mana kai a memori, an sa maka bakin Hausa kana zage-zage kamar ɗan tasha. Ko kwabo ba a biyana kan sharhin fim. Teburin mai shayi ne jaridata, masu karatuna kuma wanda ya ƙoshi sai ya tashi.

Na rubuto ne in shaida maka majalisarmu ta zauna, ta rage maka maki.

Ka tuna Sholay na 1975, da Amjad Khan ya fito da kai da sunan Gabbar Singh? Kana bisa duwatsu, haƙora duk taba, yaranka na sauka ƙauyen Ramgarh karɓar hatsi. A da, in ka ƙyalƙyale da dariyar nan taka, yaran da ke leƙe ta hudar zana sai sun watse. Yanzu manomin Ruma ko na Runka in ya kalla, tsaki yake yi. Yara uku kacal ka turo, bisa dawaki, da rana tsaka? Kuma ka tsaya dogon jawabi kafin ka harba, har ka sa budurwa rawa? Haba Bos! Namu 'yan bindigar na dajin Rugu a babura suke zuwa, goyon bibbiyu da uku-uku, ba sa jiran a gama waƙa, ba su kuma barin shanun huɗa.

Sai maganar ɓarayi biyu, Amitabh da Dharmendra, da Thakur ya ɗauko haya suka gama da rundunarka. Mutum biyu! Wannan ko Ibro, Allah ya jiƙansa, ba zai sa a fim ba. Wuri ɗaya ne majalisa ba ta yi gardama ba. Darakta Ramesh Sippy ya so Thakur ya tattake ka har lahira, hukumar tace finafinan ƙasarku ta hana, aka sake ƙarshen, 'yan sanda suka iso bayan an gama komai. Wani dattijo ya ajiye kofinsa ya ce, nan kam darakta ya san aiki.

Har kallon ma takwarorinka sun taɓa mana. A Satumban 2021, saboda su, aka katse layin waya a Batsari da Safana, aka hana cajin waya na kuɗi. Shirin Izzar So ya yi ta tafiya ba mu. Wanda ya je Katsina shi ke dawowa da labari, da gishirinsa da yajinsa, mu kuma mu yi ta sharhi kan abin da ba mu gani ba.

Alfarma ɗaya nake nema. Ka aro mana Salim da Javed, marubutan da suka iya ƙare lamarinka cikin awa uku da ɗoriya. Akwai rogon Batsari da ƙuli mun ajiye masu. Amma ka ce su taso da hantsi, kada la'asar ta same su a hanya.

Naka da ba ya ƙaunarka,
Mai sharhin bencin gaba