Barde a Cikin Laka

Wani maƙwabcinmu a Mafaza ya sayi tsohuwar Mitsubishi Lancer. Na duba ƙamus don in san irin baƙon da muka yi. Ashe a Turancin da, sunan barde ne mai hawan doki riƙe da mashi. Ɗan lifidi ke nan, sai dai nasa lifidin ya yi tsatsa.

Na ci gaba da tono. Dashbod, inda maƙwabcin nawa yake jibge dabino da carbi, asalinsa allo ne da ke tare taɓon da kofaton doki ke watsa wa mai keken doki. Ƙarfin injin ma da dawakai ake auna shi, tun zamanin James Watt. Maƙwabcina ya ce nasa ya haura ɗari. Na leƙa ƙarƙashin bonet, ko haniniya ban ji ba.

Mu a Sudan ba ma wahalar da ƙamus. Babbar motar Bedford mun raɗa mata Safinja, wato silifas. Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya kuwa Tacha ce, takwarar firaministar Birtaniya ta 1979 zuwa 1990.

Damina ta sauka. Baƙar lakar yankinmu na Gadarif ta kama barde har gwiwa. Dawakai ɗari suka yi tsit. Sai ga wani yaro da karo, wato amalanke, da jaki ɗaya tak.

“Baba, a jawo muku ne?”

Maƙwabcina ya dubi jakin, ya dubi mota, ya ce, “Ɗana, nawa za ka karɓa?”