Shanun da Babu Mai Tatsa

Taubashina,

Ka gaida Kawu da Gwaggo, ka ce musu bawan nan nasu da na bar musu a Belbeji, wato kai, ina nan ina tara kuɗin fansarsa.

Zauna da kyau ka ji. Abokan aikina sun ɗauke ni ranar hutu zuwa duwatsun Wichita, kusa da garin Lawton a nan jihar Oklahoma. Hanyar duk gandun kiwo ce, shingen waya dama da hagu, shanu na kiwon kansu, babu makiyayi, babu sanda, babu burtali. Da muka isa na tarar da mutane, har da tsofaffi, kowa da jaka a baya da gorar ruwa, suna hawan dutse. Na tambaya ko raƙumi ne ya ɓace musu. Aka ce a'a, tafiyar ce kawai suka zo yi! Na tuna ka, kai da ke neman kabu-kabu daga ƙofar gida zuwa masallaci.

Mun hau Dutsen Scott, mai tsayin mita 751, iska na kaɗa mu, tafki na ƙyalli a ƙasa. A saukowa ne wata ɓaunar Amurka ta tare mana hanya, ga tozo, ga gemu, gashin wuyanta duk ƙaya da busasshen laka, tana huci. Motoci suka tsaya cak, babu wanda ya danna oda, sai da ta gama sosa jikinta ta wuce. Dā can mafarauta sun kusa ƙarar da irinsu. A 1907 aka kawo 15 cikin jirgin ƙasa daga gidan namun daji na New York, yau ga garke ya cika daji.

Amma abin da zai hana ka barci shi ne shanun wurin. Suna da wasu masu dogayen ƙahoni, kai ka ce jajayen shanun Bororoji ne a bakin rijiya a Tenhiya, sai dai nasu ƙahon a kwance yake. Tun 1927 gwamnati ke tsaronsu don kada irin ya ɓace. Ba a tatsa, ba a ɗaure su a turke, kallo kawai ake zuwa yi. Na rantse da kai ne, dillalin Belbeji, da ka zagaya bijimin nan, ka taɓa gadon bayansa, ka fara "albarka, ƙara dai" kai kaɗai, har ma'aikatan gandun daji su fitar da kai.

To, ban da wasa. A kan dutsen nan ƙasarmu Damargu ce ta yi ta zo mini a rai. Kaka tana ba mu labarin jimina da barewa a arewacin Tanut, mu kuwa ɗan abin da ya rage muka tarar, ƴaƴanmu ko tuji ba su sani ba. Fari ya ci nasa, masu farauta da mota suka ƙarasa. Alhali gandun dajin Gadabeji na nan yamma da ku, an killace shi tun 1955, kuma a 2018 an kai masa raƙuman dawa 8 daga yankin Kure. Ga kuma duwatsun Tarmit a gabas, da aka mayar gandun daji a 2012. Don Allah idan an gama girbin gero, hanya kuma da lafiya, ka kwashi yaran gidan ka kai su Gadabeji su ga raƙumin dawa da idonsu. Kuɗin mai a wuyana, zan aiko ta hannun Gwaggo, don na san hannunka.

Ka aiko mini da cuku da kilishi idan an samu mai zuwa. Kada ka ɗanɗana a hanyar tasha.

Ubangidanka,
daga Oklahoma