Masu Motar Kece Raini a Bakin Gareji

Motar gudu ta alfarma kuɗinta na sauka da shekaru, amma na kayan gyaranta ko gezau. Porsche Boxster da ta haura shekara 20 tana iya samuwa ƙasa da kuɗin sabuwar Corolla, sai dai ita ba ta san ta yi arha ba, cimarta ta gidan sarauta take nema. Wanda ya yini a inuwar gareji a Apo, can Abuja, zai ga masu ita iri-iri.

Na farkon isowa, galibi a bayan janwe, shi ne Alhaji Ƙaramin-Abu-Ne. Wata shida ke nan fitilar gargaɗin inji na ci a gabansa, ya liƙe ta da baƙin salatif. Baƙin mai na ɗiga tsakanin inji da giya, ya shimfiɗa kwali a ƙasa, ya ce zufa take yi. Robar da ke yoyon ba ta da tsada, amma sai an sauke giya dungurungum kafin hannu ya kai gare ta, shi kuwa da ya ji kalmar "saukewa" sai ya tuna yana da ɗaurin aure.

Kishiyarsa Shehin Intanet ne. Ya sayi Porsche 911 ƙirar 996, wadda aka fara ƙerawa a 1997, ta farko a zuriyarta da ruwa ke sanyaya injinta. Tun ranar bai ƙara barci mai daɗi ba, saboda wani ɗan boris da ake kira IMS. Yana can a ƙarshen sandar da ke juya sarƙoƙin taimin, in ya watse kuwa, injin gaba ɗaya ya tafi. Shehi ba ya jin rediyo a mota, inji yake saurare. Duk juye sai ya karɓe tsohuwar filta, ya baje ta a rana yana neman ɓurɓushin ƙarfe kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Yakan tsaya a kan bakanike da waya a hannu: "Injiniya, ba haka Bajamushen ya yi ba." Abin haushin, yana da gaskiya. In za a canza kuloci, giya na ƙasa, lokacin canza boris ɗin ke nan, aiki ɗaya biyan buƙata biyu. Sai dai gaskiyar da aka maimaita sau goma kafin azahar, ko uwar mutum ta gaji da ita.

Sai Mai Arha. Injin da ke shan fiye da lita 8 na mai na musamman, shi galan ɗin bakin titi yake ɗura masa, wai ai duk mai baƙi ne. Taya kuwa 'yar Beljiyam, in dai zanenta bai goge ba. Ba ya duba lambobi huɗun nan na gefenta, inda 2314 ke nufin mako na 23 na shekarar 2014, wato robar ta girmi autansa. Ya so mai faci ya mai da na baya gaba, aka ce masa na bayan sun fi faɗi. Yana da amininsa bakanike da ya cire masa tamostat, ya haɗa fanka kai tsaye, da hujjar cewa wannan na ƙasar sanyi ne. Zani ce ta tarar da mu je.

Mai Tampol ya fi ba ni tausayi. Ferrari F355 gare shi, irin da aka yi tsakanin 1994 da 1999, kuma ba ya hawa don kada ta lalace. Batir ya mutu, tayoyi sun yi kwanci, ɓeraye sun yi walima da wayoyi. Bel ɗin taimin roba ne, yana tsufa ko mota na tafiya ko tana kwance, a wannan ƙirar kuma bisa ƙa'ida inji ake fiddawa kafin a canza shi. Ran da aka gaya masa haka ya ce, "To ai ko Kaduna ban je da ita ba!" Ranar Sallah kaɗai yake fito da ita, ya haye tudun rage gudu a karkace, yana salati.

Akwai kuma Mai Jiran Kontena. Marsandinsa SL ce, irin da aka fara fitarwa a 2001, mai ƙafafun da matsin mai ke ɗagawa. Fanfon ya gaji, wata safiya aka tarar ta durƙusa kamar raƙumi. Kaya suna kan ruwa, in ji shi, tun dala ba ta kai haka ba. Kaza ta yi ƙwai a ƙarƙashinta, ta ƙyanƙyashe, 'ya'yan ma sun fara cara.

Dukansu ƙarshe hannun mutum ɗaya suke faɗawa, Dillali. Zai sa a wanke inji da kananzir har ya yi ƙyalli, a goge fitilar gargaɗi da kwamfuta, a tayar da mota tun da sassafe don ta yi ɗumi kafin mai saye ya zo. Sannan ya dafa kafaɗar wani saurayi da kuɗi suka shigo wa jiya.

"Yallaɓai, wata Hajiya ce ke hawa, daga gida sai asibiti."

Saurayin ya leƙa ƙasa, ya ga ɗigon mai a kan siminti. Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa.

"Wannan ai ƙaramin abu ne."