An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Duk Asabar da Lahadi, da zarar an tayar da janareta a gidajen kallon ƙwallo, sai benci ya cika maƙil da alƙalai. Ba wanda ya taɓa sa usur a baki a cikinsu, amma kowa ya fi na cikin fili sanin aikin. Ni dai a ganina, magoyin bayan ƙwallo ya kai fushinsa inda bai kamata ba. Yana bin alƙalin wasa da zagi kan taƙi guda na satar gida, yana kuma yi wa mai ƙungiya kirari, alhali shi ne ke iya kassara ta har shekara goma. Mutanen gidan kallo su ne shaiduna.

Na gaba a sahu shi ne Shehin Doka. Dokokin ƙwallo 17 ne, bai karanta ko ɗaya ba, amma ba ya jinkirin ba da fatawa. Shi ne mai tashi tsaye yana ihun "satar gida!" bayan an jefo ƙwallo da hannu daga gefen fili, alhali doka ta 11 ta ce babu satar gida a jifa, babu a bugun kwana, babu a bugun gola. In ƙwallo ta taɓa kafaɗar ɗan wasan abokan gaba, hannu ne. In ta daki gwiwar hannun nasu, ai "ƙwallo ce ta same shi". Tambaye shi wa ke rubuta dokokin, zai ce FIFA, ya juya kai. Majalisar IFAB ce, wadda aka kafa tun 1886. FIFA na da ƙuri'a huɗu a cikinta, hukumomin Ingila da Sikotilan da Wales da Arewacin Ailan na da ɗaya-ɗaya, kuma ba a sauya doka sai da ƙuri'a shida. Shehi bai damu da wannan ba, domin mazhabarsa ba ta da littafi, launin riga take bi.

Kusa da shi akwai Baki Biyu, gwanin VAR. Ranar da na'urar ta soke ƙwallon da aka zura musu, ci gaba ne, adalci ya zo duniya. Ranar da ta soke tasu, an kashe ƙwallo, gara a koma zamanin da. To wane zamanin? Na 1986, da Maradona ya tura ƙwallo da hannu a ragar Ingila duniya na kallo aka ƙirga ta? Ko na 2010, da ƙwallon Lampard ta haye layin Jamus ƙuru-ƙuru aka ce a ci gaba da wasa? Da aka shigo da VAR cikin doka a 2018, abu huɗu aka ba ta: cin ƙwallo, fenariti, jan kati kai tsaye, da hukunta wanda ba shi ya yi laifi ba. Baki Biyu yana so ta duba har hararar da aka yi wa ɗan wasansu. Yana da hujja guda mai ƙarfi, kuma ba zan hana shi ba: a Satumban 2023 Luis Diaz ya ci wa Liverpool lafiyayyar ƙwallo a gidan Tottenham, mai tuta ya ɗaga, na ɗakin na'ura ya ɗauka an riga an amince da ita, ya ce ya gama dubawa, ƙwallo ta tafi a banza. Sai dai da Wolves ta nemi a soke VAR a 2024, ƙungiyoyi 19 cikin 20 na gasar Firimiya sun ce a bar ta. Masu ƙungiyoyin ne suka zauna suka yanke, kuma ba a ji Baki Biyu ya ambaci sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Sai Malam An-Saye. Shi ba ya jiran a take wasa. Da an nuna fuskar rafali zai tafa hannu ya ce, "Shi ke nan, an gama da mu." In sun ci, Allah ne ya fi ƙarfin makirci.

Yanzu a juya benci na baya, inda ake zancen kuɗi. A nan Akawun Attajiri yake zaune, da bashin kuɗin kallo na makon jiya a kansa, yana cewa "mun sayi ɗan wasa fam miliyan 100, kuma ko a jikinmu". Ya san dukiyar Sheikh Mansour, wanda ya sayi Manchester City a 2008, fiye da yadda ya san abin da ke aljihunsa. Da aka tuhumi City a 2023 da saɓa ƙa'idojin kuɗi har sau 115, mutumin da ke neman jan kati kan jan riga ya ce hassada ce kawai. Maƙwabcinsa, Mai Wa'azin Kuɗin Mai, ya shekara da shekaru yana la'antar dukiyar Abramovich da ta sauya Chelsea daga 2003, yana cewa kofin da aka saya ba kofi ba ne. Ku lura da shi ranar da aka ce wani attajirin Larabawa na zawarcin tasa ƙungiyar, kamar yadda asusun Saudiyya ya karɓi Newcastle a 2021. Wa'azi zai koma addu'a. A ƙuryar benci kuma ga Mai Jiran Ɗangote, ɗan Arsenal, wanda ya riƙe maganar attajirin cewa yana sha'awar sayen ƙungiyar tamkar takardar gado. An gina matatar man Ɗangoten an gama, shi yana nan yana jira.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne ɗan Manchester United mai haddar laifin alƙalai. Zai lissafo maka kowane fenaritin da aka hana su, da minti da sunan wanda ya busa. Amma a 2005 iyalan Glazer sun sayi ƙungiyar a kan kusan fam miliyan 790, mafi yawa da kuɗin rance, suka kuma ɗora bashin a wuyan ƙungiyar da a da ba a bin ta. Wato an saye ta da kuɗin da ita za ta biya. Kuɗin ruwa ya ci abin da ya ci, rufin Old Trafford ya kai ga yoyo har duniya ta ga ruwa na kwarara kan kujeru a 2024, aka kuma shafe fiye da shekara goma bayan tafiyar Ferguson a 2013 ba a ɗaga kofin Firimiya ba. Wane rafali ne ya yi wannan? A Everton ma, maki 8 aka zaftare a kakar 2023/24 saboda yadda shugabanni suka kashe kuɗi. Babu usur ɗin da ya taɓa cinye maki 8 a busa ɗaya.

Malam An-Saye zai miƙe ya ce ai ana sayen alƙalai da gaske. Ba a musu. A Italiya, badaƙalar 2006 ta nuna yadda ake sa hannu wajen zaɓen wanda zai busa wasa, har aka ƙwace kofi biyu daga Juventus aka tura ta rukuni na biyu. A Sifaniya, ta bayyana cewa Barcelona ta biya kamfanonin Negreira, mataimakin shugaban kwamitin alƙalai a wancan lokacin, sama da yuro miliyan 7 tsakanin 2001 da 2018, ko da yake ƙungiyar ta ce kuɗin shawarwari ne. To amma wannan hujjar tawa ce, ba tasa ba. In an sayi alƙali, akwai mai saye, kuma mai sayen ba ya cikin fili da gajeren wando. Yana sama, cikin kwat, a kujerar manya.

Wani kuma zai ce, mutumin da ke Fagge ko Tudun Wada me zai iya yi wa attajirin da ke Amurka? Gaskiya ne, amma me ya taɓa iya yi wa rafalin da ke Landan? Duka biyun ba sa jin sa, don haka in ihu ne, a yi shi kan mai babban laifi. Kuma ba a ce masu ƙungiya ba sa jin tsoro ba. A Afrilun 2021 ƙungiyoyi 12 suka sanar da gasar Super League, magoya baya suka fito titi a Ingila, cikin kwana biyu gini ya rushe. A Jamus, ƙa'idar 50+1 ta bar rinjayen ƙuri'a a hannun 'yan ƙungiya. A Real Madrid da Barcelona, mambobi ne ke zaɓen shugaba.

Abin ya fi ban dariya in an dawo gida. Yawancin ƙungiyoyin gasar Najeriya na gwamnatocin jihohi ne, ciki har da Kano Pillars, wadda ta ɗauki kofi a 2008, 2012, 2013 da 2014, ta kuma faɗa rukuni na biyu a 2022. A nan ake samun nau'i na ƙarshe, Sarkin Tsallake Waya, wanda ke dirowa fili don ya koya wa rafali hankali, ya jawo wa ƙungiyarsa tara da zaftare maki da buga wasa a garin wasu. Shi kaɗai ne cikin duk waɗannan mutane yake da ƙuri'a a kan mai ƙungiyarsa. Duk shekara huɗu ana zuwa har ƙofar gidansa ana roƙonsa, amma bai taɓa tambayar nawa aka ware wa ƙungiyar ba, ko wa ya naɗa shugabanninta, ko an biya 'yan wasa haƙƙinsu. Ya karɓi hula da atamfar uwargida ya dangwala, ranar Lahadi ya koma filin wasa na Sani Abacha yana tambayar daga wace jiha aka turo rafalin yau.