Wat 1000 a ƙofar Corolla

Sifikar ƙofar mota ba ta mutuwa farat ɗaya, da tari take farawa. Tawa ta gefen direba ta soma da ɗan kakari in mai karanta labarai a Freedom Radio ya ɗaga murya, daga baya ko sallama ya yi sai ta gurnana. Motar Corolla ce ƙirar 2005, 'yar Kwatano, ta gama shan sanyin Turai ta zo shan ranar Kano. Takardar sifikar da soson da ya zagaye bakinta sun bushe sun yage, don zafin bazara da ƙurar hunturu ba sa raga wa irin wannan kaya.

Da na ci gaba da lallaɓawa, tunda ta gefen fasinja garau take. Wani yaro mai adaidaita sahu ne ya ingiza ni. Cunkoso ya tsayar da mu a Ƙofar Mata, dab da Asibitin Murtala, ya saki waƙar Rarara daga akwatin da ya ɗaure a bayan kujera, har madubina na karkarwa. Ya leƙo ya ce, "Baba, mura rediyon taka take yi?" Fasinjojinsa mata suka tuntsire da dariya.

Mai wayarin ɗina ya ba ni shawara kyauta. "Yallaɓai, ka shiga Ƙofar Ruwa ka nemi ta Corolla wadda aka ciro daga wata motar. Inci 6.5, om 4, shi ke nan. Rediyonka ba ya tura abin da ya wuce wat 20 a kowace ƙofa." Na ce masa to, amma a raina na ce yaron nan raina ni ya yi. Ni da zan rama cin fuska, sai a haɗa ni da gwanjo?

Sai na nufi Sabon Gari, France Road. Mai shago ya jera mini kwalaye, ya fara bayani, na ɗaga masa hannu alamar na san kan abin. Ma'aunina biyu ne: lambar da ke jikin kwali da nauyi a hannu. Na ga wadda aka rubuta wa 1000W da jan rubutu ɓaro-ɓaro, mayen ƙarfen da ke gindinta kuwa har ya fizge mini mukullai daga kan teburi. Na ce wannan ce. Ban kula da ƙaramin rubutun da ke ƙasa ba, inda aka sa RMS 40W. Wannan ƙaramar lambar ita ce ƙarfin da sifika ke iya ɗauka tana aiki yau da gobe, babbar kuwa ta ƙiftawar ido ce, in ma gaskiya aka rubuta. Sunan da ke jikin kwalin ma na wani sanannen kamfanin Japan ne, sai dai harafi ɗaya ya ɓata a hanya. Wannan ɗana ne ya gano, ɗan aji huɗu a firamare.

Kunyar komawa wajen mai wayarin ta sa na ce da kaina zan ɗaura. Lungunmu mota ba ta shiga, dole a bakin titi na yi aikin, kusa da marinar Ƙofar Mata da ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta. Wato dai a gaban jama'a. Na sa sukundireba na ɓanɓare murfin ƙofa, 'yan maƙallan robar suka riƙa karyewa ɗaya bayan ɗaya, ƙas, ƙas. Wani dattijo marini ya tausaya ya riƙe mini murfin, har yau yatsunsa na nan shuɗi a jikin yadin. Sai ga tsohuwar sifika ba da ƙusoshi aka ɗaure ta ba, ribit aka buga mata guda 3, sabuwar kuma ramuka 4 gare ta, ba wanda ya dace da wani. Na sa guduma da ƙusa na huda, inda ya ƙi na ɗaure da waya.

Da na kunna, 'yan kallo suka matso. Sauti ya fito siriri kamar an sa rediyon a cikin gwangwanin madara. Ashe juya wayoyin na yi, sai ya zama wannan na turo iska, ta gefen fasinja na janyewa, bas ɗin ya cinye kansa. Na daure fuska na ce sabuwa ce, sai ta saba.

Watan Afrilu ne, zafi ya haura digiri 40, na'urar sanyaya motar kuwa ta daɗe da yin ritaya. Na danna gilashi ya sauka. Ya taho sumul har rabi, sai ji na yi ƙum, ya tsaya. Mayen ƙarfen nan da na saya saboda girmansa ya tokare hanyar da gilashin ke bi a cikin ƙofa. Zurfin gurbin ne abu na farko da ake aunawa, ni kuwa ko tef ban riƙe ba. A haka na tuƙa zuwa garejin mai wayarin, ina jiƙe sharkaf.

Mai wayarin bai ce "ai na faɗa maka" ba. Da ya faɗa ma da ya fi sauƙi. Yaransa ya kira kaf, ya buɗe ƙofar, ya ce, "Ku zo ku ga aikin Yallaɓai, ku koyi abin da ba a yi." Aka gwada zoben katako don a turo sifikar waje, gilashi ya sauka, murfin ƙofa kuma ya ƙi rufuwa. Daga ƙarshe yaro ya hau babur zuwa Ƙofar Ruwa ya dawo da 'yar gwanjon nan mara nauyi, ta zauna daram. Na biya kuɗinta, na biya na maƙallai, na biya na aiki.

Uwargida ta saurari labarin har ƙarshe, sannan ta ce, "Malam, kai da ba ka jin komai sai labarai da tafsiri, sai Shata jefi-jefi, me za ka yi da bas?" Ban tanka ba, domin muryar mutum ba ta buƙatar wannan rugugin.

Mai shago ya ƙi karɓar kayansa, kuma da gaskiyarsa, ya ga aikin guduma. Sifikun biyu ne a kwalin: ɗaya tana tokare ƙofar ɗakin girki. Ɗayar uwargida ta kife ta kusa da kekenta na ɗinki, tana tsince allura da fil da ita. Ta ce in na ga mai wat 2000 in sayo mata, wannan ba ta ɗaga almakashi.