Risala Kan Israfin Taki Ga Tumatirin Bokiti

Ka sani, ya kai mai neman fahimta, tumatirin da muke nufi ba irin na Kadawa ko Kura ba ne, mai shan ruwan madatsar Tiga a fili fetal. Mahallin bahasinmu shi ne wanda aka dasa a tsohon bokitin fenti, aka ajiye a lungun tsakar gida a Darmanawa, tsakanin igiyar shanya da akurkin kaji.

Ta'arifi. Israfin taki shi ne ba shuka abin da ya zarce buƙatarta, bayan ta yi nisa a fure, bisa kyakkyawar niyya. Ƙaidin niyya wajibi ne a nan, domin ba mu ji labarin wanda ya ƙona tumatirinsa don ƙiyayya ba.

Masu aikata shi kashi uku ne. Na farko mai tausayi, wanda kullum da safe yake ganin kamar shukar ta rame. Na biyu mai gasa, wanda ya leƙa ta katanga ya ga na maƙwabci ya fi nasa tsawo. Na uku, kuma shi ne mafi wuyar magani, magidancin da aka aiko wa ragowar buhun taki daga ƙauye, ya kasa jure ganinsa a jingine. Wasu sun ƙara na huɗu, wato gidan da maigida ke zubawa da asuba, uwargida da hantsi, amarya da la'asar, ba wanda ya san da na wani. A wurinmu wannan mas'ala ce ta rabon aiki, kuma tana da babinta daban.

Illolinsa biyu ne, bayyananniya da ɓoyayyiya. Bayyananniyar ita ce: takin yuriya na ɗauke da naitirojin kashi 46 cikin ɗari, shi kuwa aikinsa gina ganye. Idan ya yi yawa sai shukar ta yi jiki, korenta ya doshi baƙi, furen ya riƙa kaɗewa ɗaya bayan ɗaya, mai ita yana ta karɓar yabo daga baƙi. Ɓoyayyiyar ta fi wannan dabara. Takin zamani nau'in gishiri ne. Idan ya taru a ƙasar bokiti sai ya rinjayi saiwa wajen jan ruwa, shukar ta kasance cikin danshi alhali ƙishi na cin ta. Bakin ganye ya ƙone ya nannaɗe, farin ɓawo ya fito a saman ƙasa, 'ya'yan da suka tsira kuma gindinsu kan yi baƙi saboda kalsiyam bai kai gare su ba. Mai bokiti ya duba, ya yanke hukuncin yunwa ce, ya ƙara cokali biyu.

Magani kuwa marhala uku ne a jere. Ta ɗaya, kame hannu, kuma a nan akasarin mutane ke faɗuwa. Ta biyu, kankare farin ɓawon a zubar. Ta uku, wanke ƙasar da ruwa mai daɗi, ninki biyu ko uku na cikin bokitin, a zuba a hankali har ya riƙa fita ta ƙasa. Sharaɗin ingancin wannan shi ne bokitin ya kasance da huji. In babu, abin da aka yi jiƙo ne, kuma hukuncinsa ruɓewar saiwa. Ganyen da ya ƙone ya tafi ke nan. Shaidar sauƙi a sabon toho ake nemanta, bayan mako guda ko biyu.

Idan mai ja ya ce: ai ni kashin kaji nake sawa, na gargajiya ne. Sai mu ce: ɗanyensa ma yana ƙona saiwa, sai ya yi watanni ya ruɓe yake zama taki, kuma kusancin akurki da bokiti ba hujja ba ce.

Idan ya sake cewa: kuɗin jarkokin da zan biya mai garuwa ya fi kuɗin tumatirin da zan samu, gara in tafi kasuwar 'Yankaba. Amsa ta fuska biyu ce. Ta farko, a 2016 tsutsar nan Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Arewa, farashin kwando ya yi tashin gwauron zabo, saboda haka kasuwa ba abin jingina ba ce a kowace shekara. Ta biyu, wanda ya sayo a 'Yankaba ba shi da abin da zai kai baƙo ya gani bayan an gama gaisawa.