Wasiƙa Zuwa Ga Fayil Ɗina Na Asibitin Koyarwa

Ranka ya daɗe Malam Fayil,

Da fatan ƙura ba ta dame ka ba a kan kantar da aka jibge ka. Ni ne mai hawan jinin nan da ke zuwa duk bayan wata uku, wanda ke kama layi tun da asuba don a nemo ka. Shekara bakwai muna tare, amma kullum sai dai in hango ka a hammatar masinja, ya wuce da kai kamar amarya, ba a yarda in ɗaga mayafi ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ka san ni fiye da yadda na san kaina. Nauyina, sukarin jinina, launin fitsarina, har yawan goron da nake ci wanda uwargida ba ta sani ba, duk suna cikinka. Lokacin da aka kwantar da ni, mutum goma sha ɗaya na ƙirga a bakin gadona: babban likita a gaba, mabiyansa a gefe, ɗalibai a baya da fararen riguna suna ta rubutu. Kai suka fara dubawa. Aka buɗe ka, aka yi ta zuba Turanci a kaina, wata ɗaliba ta latsa mini ƙafa ta ga ko kumburi ya saɓe, kowa ya gyaɗa kai. Ni mai ciwon, rabona bai wuce "Baba, a rage gishiri" ba.

Sau ɗaya tak na leƙa ka, ranar da masinja ya ajiye ka a benci ya tafi salla. Rubutu ne kamar kaza ta yi tono. Da ƙyar na tsinci HTN, da 170/100, da tds. Mai share ɗakin ce ta fassara mini: hawan jini ne, ga awonsa, magani kuma sau uku a rana. Shekarunta a wajen sun fi na wasu likitocin.

Jikana mai karatun lauya ya ce Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta umarci a yi wa majiyyaci bayanin halin da yake ciki da harshen da yake ji, gwargwadon iliminsa. Ta kuma hana a tona asirinsa. Wannan na biyun kam ka riƙe shi gam, tunda har ni ka ɓoye wa.

Amma ba zan ci zalinka ba. Bara wata yarinya likita ta zo da takarda, wai bincike take yi a kan masu hawan jini, tana so in sa hannu. Na yi jim. Duk ɗan Arewa mai shekaruna bai manta 1996 ba, shekarar sanƙarau, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin wani gwaji na yara 200, goma sha ɗaya suka rasu, aka yi ta shari'a har zuwa sulhun 2009. Yarinyar nan ta jawo kujera ta zauna, ta warware mini komai da Hausa, ta ce in na ƙi ma ba abin da zai taɓa maganina. A ranar na fahimci cewa hawan jini na cin ƙoda a ɓoye, shi ya sa ake ta aika ni gwajin fitsari. Na sa hannu da zuciya ɗaya, ina cewa a raina ashe dai abin na faɗuwa da Hausa.

Kwanan baya na tsaya gaban allon sanarwa. Ga hoton babban likitan nan, ya zama farfesa, ana taya shi murna. Na tabbata akwai 170/100 ɗina cikin wannan farfesanci, amma ko alawa ban gani ba. A ƙasa ga sanarwar yajin aiki. Likitan da na saba da shi kuwa, mai tambayar lafiyar iyali kafin ya ɗaura mini abin awo, an ce ya tafi Saudiyya. Wannan labarin ba a manna shi a allo, a bakin masu gadi ake ji.

Na ji an ce za a mayar da kai cikin kwamfuta. Har na fara murna, sai na tuna da "babu netwok". Kai ko ka ɓata, akan tsinto ka a wani ofis bayan kwana biyu. Sau biyu kenan kana yi mini haka, ana buɗe mini ƙaninka na wucin gadi, siriri, wanda bai san komai a kaina ba, sai in sake ba da labari tun daga ciwon mahaifina.

To ranar Talata mai zuwa ce ranata, ƙarfe bakwai ina layi. Don Allah kada ka tafi yawo. Kuma uwargida ce za ta rako ni, saboda haka shafin goron nan ka san yadda za ka yi da shi.

Naka,
Mai gado na huɗu daga taga.